Ubangida da Bawa, ko Tushe da Kwafi? Matsalar Zaɓen Kalma a Fannin Rumbun Bayanai

Wannan 'yar maƙala za ta duba wasu kalmomi biyu da ke jiran duk mai fassara littattafan kwamfuta zuwa Hausa.

Rumbun bayanai shi ne inda kwamfuta ke taskace sunaye da alƙaluma. Don gudun asara, akan ajiye shi a na'urori da yawa: ana rubutu a cikin guda, sauran suna kwafar duk abin da ya shiga cikinta. Shekaru da dama masana suna kiran ta farkon da kalmar Ingilishi mai nufin ubangida, sauran kuwa bayi. A 2014 masu kula da Django da Drupal suka yi watsi da wannan suna, Python ta biyo baya a 2018. A 2020 MySQL ta koma ga kalmomi masu ma'anar tushe da kwafi.

Wani zai ce wannan rigimar Amurka ce. Sai dai a ƙasar Hausa ba a haramta bauta ɗungurungum ba sai a 1936, kuma Hausa na riƙe da kalmominta: rinji, murgu, cucanawa. Har yau akan tono asali wajen neman aure. Malamin da ya tsaya gaban ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara yana cewa "bawa ya bi ubangidansa" bai san wanda ya sosa wa tabo ba.

Ko da an ajiye wannan gefe, kwatancen kansa gurgu ne. Na'ura ta biyu ba aiki take yi wa ta farko ba, kwafarta take yi. In ta farkon ta lalace, ɗaya daga cikin sauran ake ɗorawa a matsayinta. Ina bauta a nan?

Manomin Bakura ko Maradun ya fi kusa da gane lamarin. Ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, daga tushe guda yake fitowa ya bi magudanai zuwa gonaki, ba ya komawa baya. Haka bayanai ke tafiya. Amma magudana ba ta zama madatsa, don haka "reshe" ba za ta wadatar ba. "Kwafi", ko da yake ararriya ce, ta daɗe a bakin akawu da ɗan makaranta, kuma kowa ya san in asalin takarda ya ɓata, kwafinta ake ɗaukowa.