Darasin Lafiya: Tsohon da Ke Yawan Faɗuwa ta Baya

'Yan'uwa, a Kusasu da ƙauyukan dajin Birnin Gwari, idan tsoho ya fara faɗuwa babu dalili, mukan ce tsufa ne, wasu ma su ce sammu. Darasinmu na yau yana kan wata cutar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira PSP a taƙaice.

Mece ce ita?

Likitoci uku, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana ta a birnin Toronto na Kanada a 1964. Wani furotin mai suna tau yakan taru ya lalata sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ido da daidaiton tafiya. Yawanci takan fara bayan shekara 60. Mutum yakan faɗi ta baya, ya kasa duban ƙasa, magana ta yi nauyi, haɗiya ta yi wuya. Tana kama da cutar Parkinson, amma maganin levodopa ba ya yi mata aiki sosai. Rabaran Jesse Jackson na Amurka ya sanar a 2017 cewa Parkinson yake da ita, sai a 2025 aka tabbatar PSP ce.

Ina bincike ya kai?

Masu bincike sun fi mai da hankali ga hana tau taruwa. An gwada davunetide da tideglusib, sakamakon 2014 ya nuna ba su taimaka ba. A 2019 kamfanonin AbbVie da Biogen suka dakatar da gwajin alluransu, haka kamfanin Amylyx ya yi da nasa maganin a 2025. Ci gaban da aka samu shi ne wajen ganewa: a 2017 aka fitar da sababbin ƙa'idodin gane cutar tun da wuri. Har yanzu babu maganin warkewa. Duk wanda ya ce mu sayar da hatsi ko akuya zai warkar da ita, ruɗinmu yake yi.

Me za mu yi?

1. Mu kai mara lafiya babban asibitin Birnin Gwari, mu nemi takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya.
2. Mu ɗaga masa kwano daidai ƙirji, tun da ba ya ganin ƙasa.
3. Mu ba shi kunu mai kauri yana zaune sosai, domin shaƙewa tana kawo nimoniya mai kisa.
4. Kada mu bar shi shi kaɗai kusa da murhu ko rijiya.

Tambayar tattaunawa: A unguwarmu, wa zai riƙa karɓar mai jinya domin ya huta?