KO YA KAMATA IYAYE SU KARANTA LABARIN BAƘIN CIKI?

Karatu: Farawa 37:29-35, II Samu'ila 18:24-33, Luka 7:11-17.

Akwai littafin da saurayi ya kan karanta a dare ɗaya, ya kwanta ya yi barcinsa lafiya. Bayan shekara goma, sa'anda Allah ya ba shi haihuwa, ya sake ɗaukar littafin nan, sai ya kasa wuce shafi biyu. Da, labari ya ke karantawa. Yanzu fuskar ɗansa ya ke gani. Domin wannan waɗansu iyaye su kan ce, Ko daidai ne mai-bi ya karanta labarin mutuwar yara da ɓacewarsu? Baƙin cikin da ke ƙofar gida bai isa ba?

Tambayar nan tana da nauyi, balle ga 'yan'uwa da ke zaune a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun.  Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta na shekaran nan suka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba kuma suka ɗauke yara fiye da 70 daga makarantar Kaya, cikin ƙasar Maradun. An sako 'yan matan Jangebe ran 2 ga Maris, amma uwar da ta kwana huɗu ba ta san inda 'yarta ta ke ba, ba ta mantawa. A Anka da Bukkuyum kuwa, cikin shekara ta 2010, gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara wajen 400. Waɗannan ba su komo ba.

1. Littattafai biyu na ƙasarmu

Cikin shekara ta 1933 aka yi gasar rubuta labari da Hausa, wadda Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya shirya. Abubakar Tafawa Balewa, malamin makaranta daga Bauci, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, ya rubuta Shaihu Umar. An sace Umar yana ƙaramin yaro, har wani Balarabe ya kai shi ƙasar Masar. Uwarsa ta bar kome ta bi sawunsa. Aka yaudare ta, aka ƙetare hamada da ita, aka sayar da ita baiwa. Bayan shekaru da yawa suka sadu a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu. Yaro ya kan karanta littafin nan domin labarin ayari da raƙuma. Uwa kuwa, uwar Umar kaɗai ta ke gani.

Na biyu shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. A ciki akwai ɗa da ya lalace ya zama ɓarawo, har ya zama ajalin ubansa. Wannan wani irin rashi ne: ɗa yana da rai, amma ya kuɓuce wa iyayensa.

2. Littafi Mai-Tsarki bai ɓoye hawayen iyaye ba

In da karanta irin wannan labari laifi ne, da Ruhu Mai-Tsarki bai sa an rubuta Farawa 37 ba. An kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini a jikinta. 'Ya'yansa duka suka taru su ba shi haƙuri, bai karɓa ba. Shekara 22 yana tsammani ɗansa ya mutu. Dauda sarki ne, jarumi kuma, amma da ya ji Absalom ya mutu, ya hau bene yana kuka yana kiran sunan ɗan da ya tayar masa. Rundunarsa da ta ci nasara ta shiga gari a ɓoye, sai ka ce ita aka kora. Ku duba, Yakubu da uwar Umar ciwonsu ɗaya ne. Dauda kuma ya san ciwon da ke cikin Jiki Magayi.

A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, saboda kunya. Uba ba ya kuka a gaban mutane. In an yi rashi, mu kan zo mu ce, Yaya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri. Haƙuri abu ne mai-kyau, yana cikin 'ya'yan Ruhu. Amma wani lokaci mu kan ba mutum haƙuri domin ya yi shiru mu huta. Sai ciwon ya koma ciki ya ruɓe, kamar maruru da ba a fasa ba.

3. Amfanin irin wannan karatu

Ga wanda ya yi rashi, littafi ya kan faɗi abin da kunya ta hana bakinsa faɗi. Ya ga ba shi kaɗai ba ne, ya kuwa sami wurin da zai zub da hawaye ba wanda ya ce masa, Kul.

Ga wanda bai yi rashi ba, littafi makaranta ne. Romawa 12:15 ta umurce mu mu shiga kukan masu-kuka. Ƙaƙa mutum zai yi wannan in bai taɓa barin zuciyarsa ta ji ciwon wani ba? Yawancin iyayen Jangebe da Kaya Musulmi ne, maƙwabtanmu. Ɗa na kowa ne, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Wanda ya bi uwar Umar cikin hamada, in ya je gaisuwa, zai san yadda a ke zama a tabarma a yi shiru, a saurara.

4. Yadda za a karanta

Na fari, kada a tilasta wa kowa. Wadda ta binne yaro bara, in ta ce ba ta iyawa, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. A bar ta, lokacinta yana zuwa.

Na biyu, kada ka karanta kai kaɗai da tsakar dare. Miji ya karanta wa matarsa, ko a karanta a taron zumuntar mata, a tsaya a yi magana.

Na uku, in labarin ya fara haifa maka tsoro har kana so ka hana 'yarka makaranta, rufe shi, ka kai tsoron ga Ubangiji, ka nemi shawarar dattawan Ekklesiya.

Na huɗu, kada karatun ya ƙare a hawaye. Zumunta a ƙafa ta ke. Tashi ka je gidan da aka yi rashi, ko an yi wata shida, gama lokacin ne masu-gaisuwa sun watse.

5. Inda labarin mutum ya ke tsayawa

Marubuci mai-gaskiya ya kan kai mu bakin kabari ya tsaya, gama iyakar ikonsa ke nan. Balewa ya haɗa uwa da ɗa, amma mutuwa ta sake raba su. A ƙofar garin Nayin kuwa Yesu ya gamu da gwauruwa, ana ɗauke da gawar ɗanta tilo. Ya ji tausayinta, ya ce ta bar kuka. Mu, in mun faɗi haka, da hannu wofi mu ke faɗi. Shi kuwa ya taɓa makara, ya ta da saurayin, ya mayar mata da ɗanta. Allah da kansa ya san mutuwar Ɗa tilo, ya kuwa tashe shi. Saboda haka mai-bi yana iya karanta labari mai-zafi har ƙarshe, gama ya sani akwai shafi a gaba wanda ba mutum ne ya rubuta ba.

Tambayoyi

1. Don me Yakubu bai karɓi haƙurin 'ya'yansa ba?
2. Ina bambanci tsakanin ba mutum haƙuri da rufe masa baki?
3. Wane gida ne a unguwarku aka daina zuwa gaisuwa, ciwon kuwa bai warke ba?

Aya ta haddacewa: II Korinthiyawa 1:4.