Yadda Ake Saita Gefen Shafi da Santimita a Word

Takardar da ake amfani da ita a ofisoshi da makarantunmu A4 ce, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Amma sau da yawa manhajar Word takan zo da awon inci da takardar Letter irin ta Amurka, wadda ta ɗan fi A4 faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba. Shi ya sa ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu kan rikice: an ce ya bar santimita 3 a hagu, ya buɗe kwamfuta ya tarar da inci.

Da awon za ka fara. Danna File, ka shiga Options, sannan Advanced. Gangara har sashen Display, a wurin zaɓen awo ka ɗauki Centimeters, ka danna OK. Nan take rular da ke saman shafi za ta koma santimita.

Daga nan ka je Layout, ka danna Size, ka zaɓi A4. Kada ka tsallake wannan, domin idan girman takarda bai dace ba, duk lissafin gefe aikin banza ne.

Yanzu ka danna Margins, ka sauka can ƙasa zuwa Custom Margins. Za ka ga akwatuna na sama, ƙasa, hagu da dama, kowanne da 2.54, wato inci ɗaya ke nan. Goge ka rubuta abin da aka buƙata. Idan ka sa 3 a hagu da 2.5 a dama, santimita 15.5 ya rage wa rubutu. Mai kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, waƙafi zai sa maimakon ɗigo: 2,5.

Akwatin Gutter na ɗinkin littafi ne, ƙari yake yi a kan gefen da ka riga ka sa. In ka faɗaɗa hagu saboda ɗinki, bar shi a sifili, kar sararin ya yi yawa. A ƙasa kuma ka zaɓi Whole document don canjin ya shafi dukkan shafuka, sannan Set As Default in kana son sababbin takardu su riƙa fitowa haka.

Masu matse gefe don rage kuɗin bugu su sani cewa yawancin firintoci ba sa kaiwa bakin takarda, rubutu kan yanke. Kafin ka buga kundin gaba ɗaya, fitar da shafi guda ka auna shi da rula.