Jan da na ajiye ya ƙi fitowa a fitilun haya

Tambaya: Ina haɗa fitilun dandamali a wuraren biki. Na ajiye launuka a manhaja, amma da muka yi hayar wasu fitilu na kira ja, wasu suka ba da ruwan lemo, wasu ko motsi. Ina mafita?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, na'urarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka ajiye lambobi ne, daga 0 zuwa 255, waɗanda tsarin DMX ke aika wa kowace tasha. Fitilar LED ja da kore da shuɗi take haɗawa, wata har da fari. Mai ƙwai ɗaya kuwa farin haske take tacewa da gilasai. Lamba ɗaya ba za ta ba su launi ɗaya ba. Waɗanda suka yi shiru, wataƙila dama ba sa cikin ajiyar.

Fara duba ko samfurin da ka zaɓa a manhaja da yawan tashoshinsa sun dace da saitin jikin fitilar. Nan ake yawan tuntuɓe. Sannan rataya farin ƙyalle, haska tsohuwar fitila da sabuwa gefe da gefe, ka gyara sabuwar da ido har su zo ɗaya. Ƙara ta cikin ajiyar jan nan, kada ka shafe na da. In da manhajar grandMA kake aiki, ajiye jan da sunan samfurin gaba ɗaya, don duk fitila irinta ta ɗauka.

In za a ɗauki bidiyo, duba ta kyamara ma. Kuma ka isa wurin da wuri, kafin baƙi su fara zama.