Wutar daji: hasara a ƙasa, illa a sama

Kowace shekara, idan damana ta wuce haki ya bushe, wuta takan tashi a daji. Taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoton ƙasa sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya yana cikin Afirka ne, yawancinsa kuwa dajin haki ne. Ana samun irin wannan gobara a Barazil da arewacin Ostiraliya.

Mene ne ke cikin hayaƙin?

Hayaƙin yana ɗauke da iskoki masu riƙe zafin rana kusa da ƙasa, kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki. Su ne ke ƙara ɗumamar duniya, wadda ke rikita ruwan sama.

Ta farko ita ce iskar karbon. Idan sabon haki ya tsiro da damana, yakan shanye yawancinta. Amma idan wuta ta kashe itatuwa, abin da ya fita ba ya dawowa da wuri.

Ta biyu ita ce metan. Haki ba ya shanye ta, kuma ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar karbon fiye da sau 25.

Darasi daga Ostiraliya

Wutar tsakiyar rani ta fi zafi, ta fi cin fili. Tun shekarar 2006, ƴan asalin yankin Arnem sun farfaɗo da dabarar kakanninsu: suna ƙona ƙananan wurare tun haki bai gama bushewa ba, don babbar wuta ta rasa hanya. Hayaƙi ya ragu.

Mu fa?

A yankunan kiwo na Tawa, Maraɗi da Damagaram, hakin shekara guda shi ne abincin bisashe har damana mai zuwa. Saboda haka ƙona shi ba dabararmu ba ce. Tamu ita ce tsaro:

Mu share hanyoyin tare wuta masu faɗi tun da kaka.
Mu kashe garwashin shayi da na girki da ƙasa kafin mu tashi.
Kada mu jefar da guntun taba cikin haki.
Kada mu sa wuta don farautar gafiya.
Mu bar kara a gona ya zama taki.
Idan mun hango hayaƙi, mu sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji nan take.

Hakin da muka tsare bana, shi ne nonon da yaranmu za su sha da bazara.