Yadda Ake Fitar da Kaitin Daga Sharar Gonar Ƙwari

Masu kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja don abincin kaji da kifi kan zubar da ɓawon da tsutsar ta saɓe da kuma matattun ƙudaje. Wannan shara tana ɗauke da kaitin, sinadarin da ke taurara jikin ƙwari da ƙaguwa, wanda Bafaranshe Henri Braconnot ya fara ganowa a 1811.

Matakai uku ake bi. Da farko a busar da ɓawon, a niƙa, a jiƙa shi a ruwan asid don narkar da gishirin ma'adinai. Sannan a dafa shi da sodar da ake haɗa sabulu don cire furotin. Abin da ya rage shi ne kaitin. Idan aka sake dafa shi da soda mai ƙarfi, sai ya koma kaitosan.

Da kaitosan ake tace ruwa, a yi bandejin rauni da leda mai ruɓewa. A Singafo, kamfanin Insectta yana fitar da melanin daga wannan shara, wanda masana ke gwadawa a kayan lantarki.

Asid da soda suna ƙona fata, don haka aikin na ɗakin gwaji ne.