Kulki Amana Ne, Ɗana

Ɗana, na ji an turo ka Maraɗi bayan ka gama makarantar 'yan sanda a Yamai. Allah ya sa albarka. Kafin kakin nan ya saba da jikinka, zauna mu yi magana.

Doka ta ba ka damar sa ƙarfi, amma sai in babu makawa, kuma gwargwadon abin da ke gabanka. Ɗan kabu-kabu ya taho daga Tibiri ba takardun babur, ka tsayar da shi, ya ɗaga maka murya: wannan ba aikin kulki ba ne, a rubuta masa tara. Wanda ya turje ya ƙi kamuwa, riƙe shi da ƙarfi har ankwa ta shiga hannunsa. Da ta shiga, izininka ya ƙare. Marin da ya biyo baya naka ne kai kaɗai, kai za ka amsa shi. Bindiga kuwa, ƙa'idojin da taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Habana a 1990 sun taƙaita ta ga kare mutum daga kisa ko mummunan rauni. Yaron da ya kwashi tumatir a lambun Jiratawa ya ruga, gudunsa bai halatta jininsa ba.

Mu da muka manyanta mun ga abin da harsashi ke jawowa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy da ke Yamai, uku suka mutu, har yau ɗaliban ƙasar nan na juyayin ranar duk shekara. A 2017 kuma wani bidiyo ya bazu, 'yan sanda sun danne ɗalibi a bayan mota suna jibgarsa da kulake. Uku daga cikinsu kotun Yamai ta ɗaure shekara guda a gidan kaso. Yanzu kowa da waya a aljihu, kuma wanda aka daka ya san hanya: ya karɓo takardar likita, ya kai ƙara wajen mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maraɗi.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne ɗakin tsaro, inda ba mai gani. Awa 48 doka ta ba ku ku tsare mutum, ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara. Za a ce maka ɓarawo ba ya faɗin gaskiya sai ya ji jiki. Wanda ya ji jiki zai amsa har satar da bai yi ba, ɓarawon gaske kuma yana babbar kasuwa yana yawonsa. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa tun 1998, kuma a cikinta umarnin na sama ba ya wanke mai duka.

In zuciyarka ta hau, miƙa wa abokin aikinka mutumin, ka fita ka sha ruwa. Ina roƙonka, ɗana, kada ka ɗaga hannu kana cikin fushi.